Amosani Mai Tafiya

Ranar Talata da safe, kafin ya ɗaga ƙofar shago, Mai Aski ya durƙusa gaban kujerar matarsa, ya sa yatsu biyu ya buɗa gashin zomon da ke kan cinyarta, daidai tsakanin kafaɗu. Ga shi nan kuwa, fari-fari kamar an barbaɗa gari. Ya daɗe yana kallo, ko Allah zai sa fentin silin ne ya zubo. Ba fenti ba ne. Karo na uku ke nan cikin wata biyar.

"Shiru," in ji Malama, alhali ko tari bai yi ba.

Shekara talatin ta yi tana koyar da 'yan firamare kafin ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta bara, ya tafi da ƙafar dama da hannun dama da kusan duk maganar bakinta. Abin da ya rage mata 'yan kalmomin aji ne: shiru, zauna, sake, a'a. Da su take zaman auren yanzu. Mai Aski ya kan ce a ransa, in gaskiya za a bi, ko lokacin da take da lafiya su ya fi ji.

Da can a bene suke zaune, hawa na biyu. Da ƙafa ta tafi sai suka sauko ɗakin bayan shago, inda yake ajiye tawul da karyayyun kujeru. Gado ɗaya, kujera mai hannu ɗaya, risho a lungu, banɗaki, da wata 'yar taga da ke kallon bangon wasu. Labule ne ya raba ɗakin da shagon. A watannin farko, da zarar ya wuce labulen sai ta kama buga cokali a hannun kujera tana wani irin kuka marar hawaye. Ya bar mutane da rabin kai a aske ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Mutum kuwa zai yafe maka abubuwa da yawa, amma ba zai yafe maka minti ashirin da ya yi gaban madubi yana kallon kansa rabi da gashi rabi babu ba.

Auta ce ta kawo zomon, 'yarsu da ke aiki a wani gari mai tafiyar wuni guda. Ta zo da shi a kwali, ɗan mitsitsi ruwan toka, ta ɗora a cinyar uwarta, ta ɗauki mataccen hannun ta aza a bayansa. Malama ta ajiye cokali. Tun daga ranar bai ƙara jin bugun nan ba. Zomon na hawa cinya da safe, ba ya sauka sai za a kwanta. Mai Aski ya raɗa masa suna Monita, saboda yana zaune a gaba yana sa wa kowa ido kuma ba ya aikin komai. Da Monita a cinya, Mai Aski na iya aski daga safe har la'asar, sai dai ya leƙa don abinci da banɗaki. In babu Monita babu shago, lissafin bai wuce haka ba.

Karon farko da ya ga farin abin nan, ko gezau bai yi ba. Shekara arba'in yana kallon kawunan mutane, wa zai koya masa amosani? Ya ɗauko sabulun ruwan da yake wanke wa masu amosanin kai da shi, ya tara ruwa a roba, ya yi wa zomo wanka na gaske. Ashe zomo ba a jiƙa shi. Dabba ta sandare, kunnuwa suka yi sanyi ƙalau, ta kama karkarwa har haƙoranta na haɗuwa. Da ƙyar ya dawo da ita da na'urar busar da gashi, Malama na ta "A'a! A'a!" kamar ta kama ɗalibi da satar amsa. Da ta bushe, sai ya yi abin da hannunsa ya saba. Ya sa kilifa ya aske wurin tas, ya ɗauki lallausan buroshin da yake kakkaɓe wa mutane wuya ya kakkaɓe mata baya. Kilifar kam ya wanke ta da sifirit, ya gitta mata wuta, kamar yadda yake yi bayan kowane kai. Buroshin kuwa ya buga shi a tafin hannu sau biyu ya rataye. Wa ya taɓa wanke buroshin wuya?

Bayan kwana huɗu Tsohon Soja ya shigo ba ranar askinsa ba. Shekara ashirin yana zuwa duk Talata, ko da gashi ko babu. Ya ja wuyar rigarsa ƙasa, ya juya wa madubi ƙeya.

"Duba nan. Shekara ashirin ina kawo maka kan nan, ban taɓa komawa gida da tsaraba ba sai bana."

Ƙuraje ne jajaye ƙanana, sun jeru a ƙeya kamar an shuka su.

"Zafi ne, Soja."

"Zafi? Na kwana a inda ƙarfe ke narkewa, ƙeyata ba ta yi haka ba. Direban motar makaranta ma na gan shi yana susa. Shi ma zafin ne ya bi shi?"

Washegari, da Malama ta yi barcin bayan azahar, Mai Aski ya zare zomon a hankali, ya cusa matashi a madadinsa, ya ruga asibitin dabbobi da ke bayan tashar mota. Likitar yarinya ce sa'ar Auta. Ta manna salatif a bayan zomon, ta ɓanɓare, ta sa a ƙarƙashin na'urar da ke ƙara girman abu, ta ce ya leƙa.

Ya leƙa, ya ja da baya. Ya sake leƙawa.

"Likita, amosanin tafiya yake yi."

"Ba amosani ba ne, Baba. Ƙwarin fata ne, suna yawo a ƙarƙashin ɓawon. Suna cizon mutum ma, amma ba sa zama a jikinsa. In zomon ya warke, kowa ya warke. Me aka yi masa nan?"

"Aski."

"Da me?"

Ya gaya mata, har da wankan. Ta dube shi irin duban da shi yake yi wa wanda ya yi wa kansa aski a gida sannan ya zo gyara. Ta yi wa zomon allura, ta ce sau uku za a yi, tsakani sati biyu-biyu, domin allurar ba ta kashe ƙwai, sai sun ƙyanƙyashe. Ya ƙona buroshin a bayan shago. Ya kai zomon sau uku a lokacin barcin Malama, yana gudu kamar ɓarawo. Baya ya yi fes, gashi ya fito, ƙeyar Soja ta washe.

Sati shida, abin ya dawo.

A karo na biyu bai bar komai ba. Ya tafasa zannuwan Malama da mayafin da take rufe cinya da shi. Ya fitar da katifa rana, ya goge kujera da sifirit har fentinta ya dusashe, ya jefar da kwalin da zomon ke kwana ya kawo sabo, ya canja mai sayar masa da ganye. Allura uku kuma. Wannan karon ba a ƙeyar kowa ya fito ba, a damatsansa ya fito, domin shi ke ɗaukar Monita safe da yamma. Mai aski da ƙuraje a hannu kuwa, ko bai yi susa ba an riga an gani. Magana ta zaga layin. Masu kawo yara suka fara wucewa da su shagon samarin nan na bakin titi mai talabijin biyu. Ba wanda ya zage shi. Gaisuwa ma ta ƙaru, daga nesa.

Shi ya sa a wannan Talatar, da ya tashi daga gaban kujerar Malama, ya sa riga mai dogon hannu ya ɓalla maɓallanta har wuyan hannu, ga gari kamar tanda.

Tsohon Soja ya zauna, aka ɗaura masa ƙyalle. Ya kalli hannun rigar ta madubi.

"Sanyi kake ji?"

"Tsufa ne."

"Ya dawo ke nan."

Mai Aski ya kunna kilifa don ƙararta ta amsa masa. Soja ya ɗaga murya sama da ita.

"Ni ba zan gudu ba, don ban san hanyar wani shagon ba. Amma ka duba bencin can. Ranar Talata da hantsi, benci wayam. Zomo ne fa, ba ɗanka ba. Ka ba ni shi, gobe in kawo maka cinya ɗaya ka ɗanɗana."

Daga bayan labule aka ce, "Shiru!"

Soja ya haɗiye dariyarsa, ya rage murya. "Kunnenta dai na nan. Allah ya ba ta lafiya. Amma ka yi tunani, ɗan'uwa. Kai ke ci da ita, shagon ke ci da kai."

Tunanin ya yi. Ranar Laraba ya yi magana da mai sayar da tsuntsaye, aka shirya zai zo ya ɗauki zomon ranar Juma'a. Don ya gwada, da safe bai ɗora Monita a cinya ba. Ya sa shi a kwali ya kai banɗaki ya rufe. Ya tsaya gaban Malama ya yi mata bayani dalla-dalla, kamar yadda ba ta taɓa barinsa ya yi ba lokacin tana da baki. Ya koma shago yana jiran bugun cokali.

Ba a buga ba. Da ma an buga. Da ya leƙa da rana, tana nan yadda ya bar ta, hannun hagu a buɗe kan cinya, ido a bango. Ya kawo abinci, ta rufe baki. Ya kawo ruwa, ta kau da kai. Ko "a'a" ba ta ba shi ba. Da yamma ya kira Auta.

"Baba, ku dai ƙara tsaftace ɗakin. Na karanta a waya, wai daga datti ne."

"Datti? Ɗakin nan yanzu ko tiyata aka yi a ciki ba za a ji kunya ba. Uwarki wuni guda ba ta sa komai a baki ba."

"To ku mayar mata da shi mana."

"In mayar mata, shagon fa?"

"Baba, ni ban san yadda zan yi ba. Hutuna sai ƙarshen shekara."

"Na sani, Auta. Ban kira don ki yi wani abu ba."

Ya ajiye wayar ya tsaya a tsakiyar labule, rabin jiki a shago rabi a ɗaki. Zuwa azahar ɗin Alhamis leɓɓanta sun bushe sun tsage. Ya shiga banɗaki ya ɗauko zomon ya ɗora mata. Ba ta dube shi ba. Ta ja mataccen hannun da mai ran ta aza a bayan Monita, sannan ta buɗe baki aka ba ta ruwa. Ya aika wa mai tsuntsaye cewa an fasa.

Yanzu ko barcin rana ta daina, tana gadi. Dole ya roƙi Likita ta biyo ta shagon in ta tashi daga aiki. Ta zo da 'yar jaka da sikeli. Ya so ta shiga ɗakin ta gani da idonta, amma tun da ciwon ya same ta Malama ba ta yarda kowa ya gan ta ba in ba shi da Auta ba. Tsofaffin ɗalibanta sun zo da lemo da ayaba, ta juya wa bango fuska har suka tafi. Matar da in ta shigo layi yara ke gyara tsayuwa ba za ta bari a gan ta da baki a karkace ba. Don haka ya karɓo zomon da alkawarin minti goma, ya fito da shi shago. Nan take cokali ya fara aiki a bayan labule.

Likita ta ɗora shi a sikeli, ta kalli allurar sikelin, ta kalli Mai Aski.

"Baba, me yake ci?"

"Ganye. Karas."

"Da me?"

Cokali na ta bugu.

"Biskit. Burodi. Duk abin da na ba ta sai ta gutsura masa rabi. 'Yata, matar nan ta ciyar da gida shekara talatin da biyar. Yanzu abin da hannunta ke iya kai wa bakin wani ke nan."

Likita ta ajiye zomon a ƙasa tsakanin kujerar aski da benci. Ya zauna daɓas kamar buhun da aka sauke. Ta sosa masa tsakanin kafaɗu da biro. Ya juyo da kai zai lashi wurin, wuya ya ƙi kai wa, kitse ya tokare. Ya ƙara yunƙurawa, sai ya ɓingire gefe, ƙafafu a sama.

"Kun gani? Zomaye da yawa suna da 'yan ƙwarin nan kaɗan a jiki, ba sa damunsu, domin mai lafiya kullum yana share kansa da harshe da haƙori. Wannan bakinsa ba ya kai wa bayansa. Ni in kashe dubu da allura, in biyu suka tsira, a nan za su sake gina gari. Yaushe rabonsa da taka ƙasa?"

"Daga cinya sai kwali."

"To ba ɗakinku ne ke da datti ba, Baba. Zan yi allurar, amma in bai sauka ƙasa ya yi yawo awa huɗu ko biyar a wuni ba, ya koma busasshiyar ciyawa da ganye, ba biskit ba burodi, to ku ajiye mini kujera, duk wata biyu ina nan. In ya yi wata uku fes, sannan mu yi magana."

Ta ɗaga muryarta kaɗan da ta faɗi wannan, tana kallon labule. Cokalin ya tsaya na ɗan lokaci, ya ci gaba.

Washegari ya gwada. Ya sauke Monita ƙasa a gaban ƙafafunta. Malama ta miƙa hannu, bai kai ba, ta zamo gaba har ta kusa kifowa daga kujera, da ƙyar ya tare ta da ƙirji. Ya mayar da zomon. Ya zauna bakin gado yana kallonsu su biyun, ita ba ta iya sauka, shi an hana shi sauka. Can ya ce, "To in ba za a kawo shi sama ba, ke za a kai ƙasa."

Ya shimfiɗa tabarma da bargo, ya jera matasai a jikin bango. Ya sa hannuwa a ƙarƙashin hammatarta ya sauke ta a hankali, tana "A'a, a'a," har ta ji ƙasa a ƙarƙashinta, ta ga zomon a gefen gwiwarta inda hannu ke kai wa. Ta yi shiru. Biskit kuwa ya daina sayowa gaba ɗaya, burodi sai ya tsaya a kanta ta cinye. Ya ajiye mata damin busasshiyar ciyawa a gefen hagu. Kwana biyu tana jifansa da ita. A na uku ta fara zarowa ɗaya-ɗaya tana miƙa wa Monita, shi ma ya yi nasa fushin kafin yunwa ta sasanta su.

Abin ya yi aiki, sai dai kowace dabara da kuɗin goronta. Saukewa da safe, ɗagawa da rana don banɗaki, saukewa, ɗagawa da la'asar. Sau huɗu a wuni, mutum mai shekara sittin da bakwai yana ɗaga macen da rabin jikinta ba ya taya shi. In ya dawo shago, sai ya tsaya yana goge kilifar da ya riga ya goge don ya huta. Monita dai ya fara taku biyu, ya fara uku. A sati na biyu ya gano ƙarƙashin gado. A na uku ya ci igiyar rediyo.

Ranar ashirin da biyu, da rana tsaka, ya sunkuya zai ɗaga ta. Ya kai ta rabin hanya sai wani abu ya ce ƙas a ƙugunsa, kamar an ɓalle maɓalli. Ya samu dai ya mayar da ita kan matasai bai sake ta ba, sannan ya zube a gefenta. Ya yunƙura, wuta ta tashi daga ƙugu har ƙeya. Ya sake yunƙurawa.

"Zauna," in ji Malama.

"Ai na zauna."

Wayarsa na can kan kantar shago, kusa da hoda. Wani ya yi sallama a ƙofa, ya ƙara, ya jira, aka ji takunsa ya tafi. Mai Aski na kwance rigingine yana kallon ƙasan kujerar da bai taɓa gani ba, da gashin mutane da iska ke turowa ta ƙarƙashin labule. Monita ya fito daga ƙarƙashin gado, ya shinshina kunnensa, ya taka ta kan cikinsa ya wuce kamar an gina masa gada. A tsakiyar ɗaki ya tsaya, ya murɗa wuya baya, ya kusa faɗuwa, ya gyara ƙafa, ya sake murɗawa. Harshen ya taɓa gefen kafaɗa. Bai kai tsakiya ba, amma ya taɓa.

Awa guda ta wuce. Ya san ita banɗaki take buƙata, don shi ya zo ɗaga ta, kuma ya ga yadda take matse hannun hagu a kan zane.

"Malama," ya ce, "ba zan iya tashi ba. Yau ba zan iya ba, gobe ma ban sani ba. Abu biyu ne. Ko in ja jiki in kira Auta ta nemo mana wanda zai ɗauki zomon, ki koma kujera ki zauna, ni in daina ɗagawa. Ko kuma in buga bangon nan, matar maƙwabcinmu Mai Guga ta shigo ta gan ki a yadda kike. Kuma ba yau kaɗai ba, kullum. Ni dai na ƙare dabara. Ke ce mai ilimi."

Ta daɗe tana kallon zomon. Sannan ta kai hannu ta jawo ɗankwalinta da ya zame, ta daidaita shi a goshi, ta goge gefen bakinta da bayan hannu. Ta ɗauki cokalin ta miƙa masa.

Ya buga bango da shi. Ya buga, ya buga, har ƙarar injin wanki ta tsaya a ɗaya gefen.

Matar Mai Guga mace ce ƙatuwa mai damatsa kamar na ɗan dako, shekara goma tana matse barguna. Ta ɗaga labule da kumfa a hannu, ta tsaya. Ta ga Mai Aski a ƙasa, ta ga Malama a ƙasa, ta ga zomo na cin gefen tabarma.

"Ikon Allah. Duk gidan a ƙasa? Wata nawa kuna cikin wannan, bango ɗaya tsakaninmu?"

"Ki fara da ita," in ji Mai Aski. "Banɗaki."

Ta ɗauki Malama kamar jiƙaƙƙen bargo, ba ta kalli bakin ba, ba ta ce sannu da yawa ba, sai mita take yi a kan maza da taurin kai. Da suka fito ta nufi kujera da ita.

"A'a," in ji Malama, tana nuna tabarma.

"Ƙasan kike so? To, Yaya, ƙasan za ki."

Mijinta ya shigo, su biyu suka ciccibi Mai Aski zuwa gado yana kiran sunan Allah da na uwarsa. Mai Guga ya je ya sauke ƙofar shago ya kawo makulli. Matar ta tsaya tana share hannu a zane, ta ce da safe kafin ta kunna inji za ta shigo, da rana ma, da la'asar ma, kuma kada wanda ya yi mata godiya don ba ta da lokacin amsawa. Sannan ta tsuguna tana kallon Monita.

"Wannan ne mai ƙwarin da ake faɗa? Kai, ga shi kyakkyawa. Zo nan, ɗan gata." Ta laluba aljihun rigarta ta fito da guntun burodin da ta rage na karin safe.

"A'a!"

Tare suka faɗa, na gado da ta tabarma, amma muryar Malama ce ta sa matar ta mayar da burodin aljihu da sauri kamar 'yar aji uku.

Da suka fita, ɗakin ya yi tsit. Mai Aski na kwance yana kallon silin, ba ya iya juyawa dama ko hagu. Ya san ƙugu irin wannan sati guda yake ci in an yi sa'a, kuma ya san inda sauran kawunan layin za su kwana kafin nan. Likita ta ce wata uku. An ci kwana ashirin da biyu. Daga ƙasa yana jin ƙarar ciyawa ana zaro ta ɗaya-ɗaya, da ƙarar haƙora suna karɓa.